Madara a Cikin Kwamfuta

Ni ne ɗan fari a ɗakin Inna, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana nemana sai ta ce wa ƙanwata, "Je ki ce wa wancan abincinsa zai huce." In na durƙusa gaishe ta da safe, bango take amsa wa. Haka abin yake a wajenmu, uwa tana kunyar ɗanta na fari, kuma ba mai ɗaukar hakan a matsayin ƙiyayya. Ina yaro abin yana cina a rai, da na girma sai na mayar da shi tsokana. Nakan zauna daidai inda idonta zai sauka, ita kuwa ta kawar da kai ta kama yi wa akuya faɗa.

Baba ma bai tsira ba. Har ya koma ga Mahaliccinsa ban ji ta ambaci sunansa ba, sai dai "mai gidan nan", ko "shi". Ban taɓa ganin sun zauna a tabarma ɗaya ba.

Ƙauyenmu yana gefen Tsanyawa, irin garuruwan nan da gona take farawa daga bakin ƙofa, da damina in ka leƙa ta katanga gero ne yake kallonka. A shagon da ke jikin zaurenmu na ajiye wata tsohuwar kwamfuta ta tebur, mai akwati kamar buhun gishiri, da ita nake cin abinci. Katin biki, takardar neman aiki, tambayoyin jarrabawar 'yan firamare, duk ni ake kawo wa. In an kawo wuta in yi aiki, in ba a kawo ba in ja janareta, in babu fetur in zauna in kori ƙuda.

Amma abin da ya fi komai daraja a cikin kwamfutar nan ba na sana'a ba ne. Muryar Baba ce.

Ranin shekarar da zai rasu na bi shi Watari, inda yake noman albasa a bakin ruwa. Baba ba ya son hoto ko kaɗan, in ka ɗaga waya sai ya ce, "Me za a yi da fuskar tsoho?" Sai na yi masa dabara, na kunna ɗaukar murya na jefa wayar a aljihun gaba. Kada wani ya zaci wa'azi na ɗauko ko wasiyya. Faɗa ne zalla. "Kai, wannan wane irin sakin ruwa ne? Wancan komin ya cika yana amai, wannan ƙishirwa za ta kashe shi! Karatun nan naka dai bai kai gona ba." Sai ƙarar fartanya, sai ruwa yana gudu a lambatu, sai tarinsa, sai wata dariya da ya yi don na zame na zauna a taɓo. Can wajen ƙarshe ya ce, "In ka riga ni isa gida, ka ce wa uwarka ta rage barkono a miya, jiya sai da na yi hawaye."

Shi ke nan abin da ya rage mana na Baba, ban da hularsa da fartanyar.

Bayan an yi sadakar arba'in na kunna wa ƙannena, aka sha kuka. Inna ba ta shigo ba, ba kuma ta tambaya ba. Daga nan ya zame mini ɗabi'a, duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai in rufe aiki in kunna muryar in zauna. Ban daɗe ina haka ba na lura da wani abu. Da zarar na shiga shago, sai Inna ta fito zaure da gyaɗarta a tasa, ta zauna a bakin ƙofar shagon ta ba ni baya, wai ita iska ta biyo. Duk faɗin tsakar gidanmu da inuwar darbejiyarsa, iska sai a ƙofar shagona! Tana ɓara tana ɓara, har Baba ya zo kan maganar barkono. Nan hannunta yake tsayawa, sai ta ce ƙasa-ƙasa, "Mutum da son magana. Ai ban sa da yawa ba." Ta kwashe ɓawonta ta shige gida. Ni ban taɓa nuna na ji ba, ita ma ba ta taɓa nuna ta san na ji ba.

Wayar da na ɗauki muryar da ita, ita ma Watarin ce ta cinye ta, ta suɓuce daga aljihuna ina ɗaura tiyo a injin ban ruwa. Ya zama muryar Baba tana wuri ɗaya tak a duniya, cikin wannan tsohuwar kwamfuta.

Ranar da abin ya faru damina ta yi nisa, gero ya fitar da kai. An kawo wuta tun safe, abin da ba a saba ba, ni kuma ga katin biki ana jira, sai na duƙufa. Bayan azahar hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa ƙyauren shago. Matata ta leƙo ta ce, "Malam, ka kashe abin nan ka cire, ka ga garin." Na ce saura layi ɗaya. Ta sake leƙowa, na ce, "Ke, na ji!" Sai da yayyafi ya fara dukan kwano sannan na kashe na miƙe in cire waya.

To ga inda gizo yake saƙar. Fulogin kwamfutar ya daɗe da fashewa, sai na yi abin da kowa yake yi a garinmu, na fere bakin wayoyin na cusa su cikin soket na tokare da tsinken ashana. Haka rediyon liman take, haka firjin mai ƙanƙara yake, ba wanda ya taɓa ganin laifin hakan. Amma in za ka cire, dole ka kama wayar da hannunka. Na dafa akwatin kwamfutar da hagu, na kai dama ga wayar. Abin da na sani kawai shagon ya yi fari fat, na ji kamar an maka mini taɓarya a ƙirji.

Daga baya aka ce tsawa ce ta faɗa kan falwayar bayan masallaci, ta biyo waya ta shiga gidaje. Ta ƙone rediyoyi da ƙwayayen fitila ba adadi, ta kashe firjin mai ƙanƙara, amma mutum ni kaɗai ta taɓa.

Na farfaɗo ina kwance a ƙasa, jikina sharkaf, wani sanyi yana bin wuyana yana shiga kunne. Ana kiran sunana. Muryar na san ta sarai, sunan ma nawa ne, amma ban taɓa jin su tare ba, sai na rasa ko mafarki nake. Na buɗe ido, ga Inna durƙushe a kaina, ba ɗankwali, ƙwarya a hannunta, tana kira tana ƙarawa. Da ta ga idona ya buɗe sai ta yi shiru kamar an ɗauke wuta. Ta miƙe, ta lalubi ɗankwalinta, ta fice ba ta waiwayo ba.

Matata ce ta ba ni sauran labarin a hanyar asibiti. Da suka ji ƙarar suka rugo, maƙwabta ma suka cika zaure, amma ba wanda ya iya matsowa. A wajenmu an yi imani cewa wanda tsawa ta faɗa wa ba a taɓa shi sai an zuba masa madara, in ba haka ba wutar tana nan a jikinsa, za ta kama mai taɓawar, shi kuma ba zai tashi ba. Ana ta salati ana "a nemo madara, a nemo madara", sai ga Inna ta ratsa mutane da ƙwaryar da aka tatso daga saniyarmu da safe, wadda ta ajiye za ta yi kindirmo. Ta sheƙa mini. Sannan, in ji matata, ta juya ta juye sauran a bayan kwamfuta, daidai inda hayaƙi yake fita.

Na ce, "Ta yi me?"

Ta ce, "Ta zuba wa kwamfuta."

Wallahi zafin ƙunar da ke tafin hannuna sai na daina jinsa. Da muka dawo, hannu a naɗe, ko zama ban yi ba na wuce shago. Ga madara ta bi ramukan iska ta shige ciki, ta gangaro ta ƙasa ta kwanta a kan tebur, ƙudaje har sun yi sallama. Ni mutum ne mai saurin fushi, duk gidanmu an sani, gadon Baba ne. Na tsaya a zaure na ɗaga murya yadda za ta kai tsakar gida: "Haba jama'a! Ni dai an ce mutum ne, to ƙarfe fa? Ƙarfe ma sai an ba shi madara? Abin da tsawa ta rage sai a ƙarasa shi da hannu?" Ina jin tsintsiyar Inna tana shara, ta tsaya kaɗan, ta ci gaba.

Ina da aboki mai gyaran rediyo da wayoyi a kasuwar Tsanyawa, tare muka yi firamare, shi yake duba mini kwamfutar in ta yi gardama. Ya zo a babur da jakar kayan aikinsa, ya kwance murfin, wani tsami ya buge mu. Ya toshe hanci ya ce, "Tabɗi! Mutumina, fura kawai za a kawo." Ban yi dariya ba. Ya zauna da burushin haƙori da ɗan fetur ya bi lungu-lungu yana gogewa, ya kori tururuwa, sannan ya kwanto wani ɗan akwatin ƙarfe mai fanka daga kusurwar sama. Su masu gyara fawa saflai suke ce masa, ni akwatin wuta nake kiransa, don shi yake karɓar wuta daga bango ya rarraba wa sauran kayan ciki, kowa daidai cikinsa. Ta kansa tsawa ta shiga, kuma shi ya sha mafi yawan madarar.

Muka shanya shi a kan kwano ya sha rana. Da abokina ya dawo sai ya jona shi shi kaɗai, ya lanƙwasa wata 'yar waya ya haɗa baki biyu, sai ga fanka tana juyawa, fir-fir-fir, kamar ba abin da ya same ta.

Ya ce, "Ka gani? Lafiyarsa ƙalau. Kayan da ne wannan, ba irin na yanzu ba. Kawo mu mayar mu kunna."

Na ɗauka na kai hanci. Ƙauri, ga tsami a ƙarƙashinsa. Na ce, "Ba ka jin warin nan?"

Ya ce, "Kai ma da aka ɗauko ka ai ƙauri kake, ga ka nan kana yi mini musu. Abin da yake numfashi ba a yi masa likkafani. Kuma bari in gaya maka, sababbin da ke kasuwa yanzu rabinsu jabu ne, ba nauyi, kamar gwangwanin madara. Ka je ka sayo wanda zai ƙone maka komai, ka bar naka na gida da ka sani."

Maganarsa ta shige ni, don haka aka rene mu. A gidanmu ba a yar da abu yana da sauran rai. Bokitin wankanmu ya sha liƙi har ba a gane asalin launinsa, takalmin Baba kuwa mai ɗinki ya fi mai shi sanin sa. Da Baba yana raye ya ji zan jefar da abin da fankarsa take juyawa, sai ya yi mini faɗan da ya fi na Watari. Duk da haka da abokina ya miƙo hannu zai karɓa, sai na ji na ƙanƙame akwatin. Na ce ya bari tukuna.

Na kira ƙanwata, autarmu, tana karatun kwamfuta a Kano. Da ta gama jajanta mini da yi wa madarar Inna dariya, sai ta nutsu ta ce, "Yaya, don Allah kada ka kunna ta da tsohon nan. Juyawar fanka ba shaida ba ce. Aikinsa kamar mai sakin ruwa ne a fadama, in ya rikice zai iya sakar wa komi ɗaya ruwan gona guda, ya rushe shi. In ya saki wuta fiye da kima, faifan ajiya zai fara kashewa, kuma a nan muryar Baba take."

Na ce, "To ai an ce sababbin ma jabu ne."

Ta ce, "Akwai masu kyau, sai an zaɓa. Ko kuma ka ciro faifan ka kawo nan a jona shi a wata kwamfutar a kwashe."

Na ce Allah ya kiyaye. In ɗauki Baba in saka a leda, in shiga bas ana tsalle a ramuka, in miƙa wa wani yaron kasuwa da bai san shi ba, ya danna abu ɗaya ya goge? Ta ce ba haka ake yi ba. Na ce ni dai na ce a'a. Ta ce, "Yaya, kai da Baba ba ku da maraba," ta kashe wayarta.

Haka na shiga tsaka mai wuya. In mayar da tsoho, ƙila ya ƙone faifan. In sayo sabo, ƙila shi ya ƙone shi. Na ɗora akwatin wutar a kan kanta, kullum da safe in na buɗe shago sai in ɗauka in shinshina kamar mai sayen daddawa, ko warin ya ragu. Bai ragu ba. In abokina ya biyo ta ƙofar gida sai ya rage gudu ya ce, "Ya mai jiki?" In ƙanwata ta kira sai ta ce, "Ka yanke?" Masu kawo aiki suka gaji da zarya suka koma Tsanyawa. Aka yanke gero, aka fara cirar gyaɗa, hannuna ya warke ya bar tabo, kwamfuta tana nan a buɗe na lulluɓe ta da tsohon zane.

Matata ta yi haƙuri har ta gaji. Wata rana ta ce, "Malam, wai sai yaushe? Ko ka gyara ko ka haƙura, amma wannan zaman ba ya kawo cefane." Na hau ta da faɗa kamar ita ta aiko tsawar. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Ni na san abin da kake tsoro. Ba akwatin ba ne."

Gaskiyarta. Tsoro nake ji. Muddin ban kunna ba, Baba yana nan a ciki yana jira, yana shirin yi mini faɗa a kan sakin ruwa. Ranar da na kunna, ko da tsoho ko da sabo, ranar zan sani. Na riga na binne shi sau ɗaya, na san nauyin ƙasar, ba na son in ƙara.

Abin da ya fi damuna Juma'a ce. Inna ba ta fasa ba. Ana saukowa daga masallaci za ta fito da tasarta ta zauna a ƙofar shago ta ba ni baya. Ni ina ciki zaune gaban zane, ita tana waje, ba abin da ake ji sai ƙas, ƙas, na ɓawon gyaɗa. Takan kai daidai tsawon lokacin da muryar take ɗauka, kamar tana ji a cikin kanta, sannan ta kwashe ta tafi. Tun ranar da na yi ihun nan a zaure ba ta ƙara ko aiko mini da "wancan" ba, matata take ba abincina. Ina so in ba ta haƙuri, amma ta ina ake fara ba da haƙuri ga wadda ba ta kallonka?

Wata Juma'a tana cikin ɓara sai ta ce wa bango, "Har yanzu bai warke ba ne?"

Na ce, "Hannun ya warke, Inna."

Ta ce, "Na ga hannu." Ta ci gaba da ɓararta.

A wannan zaman na yanke. Na kalli akwatin da ke kan kanta na yi wani tunani da ban taɓa yi ba. Madarar Inna tana cikinsa, ta bushe a inda burushi ba ya kaiwa. In na mayar da shi ya yi tartsatsi ya kashe faifan, duk garin nan za a ce madara ce, abokina zai faɗa a kasuwa yana dariya, ni kaina da bakin nan nawa ban yarda da shi ba. Inna za ta ƙarasa rayuwarta da sanin cewa hannunta ne ya rufe bakin mijinta. In kuwa sabo na sa, ko me ya faru, babu madara a cikinsa. Ban san wanne ya fi aminci a wajen masu ilimin abin ba, amma na san wanne zan iya ɗauka.

Na shiga bas na tafi Kano, ƙanwata ta raka ni kasuwar masu kayan kwamfuta. Na ba masu shaguna wahala ranar, in ɗaga wannan in auna nauyinsa a hannu, in shinshina wancan, har wani ya ce, "Alhaji, kankana kake saye ne?" Muka samu mai nauyi, na sa aka gwada shi da mita a gabana, aka sake gwadawa. Na sayi fulogi sabo kuma, na rantse ni da tsinken ashana sai dai kunna murhu. Na rungumo kwalin a cinya har gida, kwandasta yana ta mita wai in sa a but ɗin mota.

Abokina ya zo ya ɗaura. Yana ɗaurawa yana gunaguni, wai an bar jaki ana dukan taiki, amma na ga yadda yake bin kowace waya a hankali, har da goge hannu a riga kafin ya taɓa faifan. Shi ma Baba ya sha yi masa faɗa muna yara. Da ya gama ya ja baya ya ce, "Kai za ka danna."

Na yi bisimilla na danna. Fanka ta tashi, 'yar fitila ta kawo kore, allo ya yi haske. Abokina ya ce, "Alhamdu..." bai ƙarasa ba. Wani rubutu fari ya fito a kan baƙi ya tsaya, yana cewa ba a ga faifai ba. Muka kashe muka sake kunnawa. Ya canja waya, ya kara kunnensa a jikin faifan kamar mai sauraron ƙirjin majiyyaci, ya ɗago ya girgiza kai. Ko motsi ba ya yi. Ya kwance shi ya juya cikinsa sama, sai ga wani ɗan tabo baƙi, bai fi ƙwayar gero ba, inda wuta ta ci. Kusa da shi kuma ga wani siririn farin layi na busasshiyar madara.

Na ce, "Wanne ne a ciki?"

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wallahi ban sani ba." Ya sa babban yatsa ya goge farin layin, bai kalle ni ba.

Abin da na ƙi yi da farko shi na yi a ƙarshe, na naɗe faifan a hular Baba na kai Kano. Aka yi ta yawo da ni daga wannan mai gyara zuwa wancan, aka canja masa wannan aka gwada wancan. Na ƙarshensu, wani dattijo mai tabarau, ya miƙo mini shi ya ce tun ranar da abin ya faru ya mutu, ko da tsohon akwati na kunna ko da sabo duk ɗaya ne. Na tambaye shi wuta ce ko ruwa. Ya ce Allah ne masani. Ashe duk watannin nan da nake shinshine-shinshine, gawa nake gadi. A bas ɗin dawowa na juya fuska wajen taga na yi kuka, wata tsohuwa a gefena tana ta cewa, "Sai haƙuri, ɗan nan, wa ya rasu?" Na ce mahaifina. Ta ce yaushe? Na ƙara ƙanƙame hular Baba.

Ƙanwata ta samo mini wani faifan, kwamfuta ta tashi garau, har yau da ita nake aiki, sabon akwatin wutar bai taɓa ko tari ba. Masu katin biki suka dawo. Saura Inna, kuma duk gidan ba wanda ya yarda ya gaya mata.

Juma'a ta zo. Ta ji ƙarar fanka tun daga tsakar gida, na ga ta fito da sauri fiye da kullum, har da sabon mayafi. Ta zauna, ta ba ni baya, ta fara ɓara. Na zauna ina kallon bayanta, ya ranƙwafa fiye da yadda na sani. Na taso na fito na durƙusa a gefenta.

Na ce, "Inna, kwamfuta ta tashi. Amma muryar ba ta nan. Ta tafi."

Hannunta ya tsaya a cikin tasa. Sannan ta ce, ba bango ta tambaya ba wannan karon, "Madarar ce?"

Na ce, "A'a, Inna. Tsawar ce. Tun kafin ki shigo ta gama aikinta." Ban sani ba ko gaskiya na faɗa, har gobe ban sani ba, amma ko a gaban alƙali haka zan maimaita.

Ta gyaɗa kai a hankali. Na ce, "Ki yafe mini maganar da na yi ranar nan. Na zaci..." Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

Ta ce, "Na san ƙarfe ba ya shan madara, ban haukace ba. Na shigo na tarar ku biyu tsawa ta faɗa wa, kai a ƙasa, shi yana hayaƙi. Ƙwarya ɗaya gare ni, na raba muku." Ta juyo ta dube ni, ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni. "Allah Ya bar mini ɗaya. Na gode maSa."

Ta kwashe ɓawon gyaɗarta a gefen zane, ta miƙe da kyar tana dafa bango. Har ta kai ƙofar tsakar gida ta tsaya ta ce, "A ce wa wancan ya shigo ya ci abinci," alhali daga ni sai ita a zauren.

Na shiga na zauna, matata ta ajiye mini tuwo da miyar da Inna ta kaɗa da hannunta. Na kai loma ta farko. Babu barkono a ciki ko ƙwaya ɗaya, amma sai da na yi hawaye.